Tsatsa da hudar harsashi sun isa shaidar tsufan allon gandun shanu?

Garba_Gwanjo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana tallar wani allon ƙarfe mai rufin tangaran, shuɗi da farin rubutu, na ƙungiyar Texas and Southwestern Cattle Raisers Association, irin wanda masu gandun shanu a Teksas ke kafawa a ƙofar shiga gandunsu. Mai tallar ya ce na wajajen 1890 ne. Hujjarsa hudar harsashi guda uku da tsatsar da ta ci gefuna. A ganina allon da ya sha rana da ruwa da harbi har haka ba zai zama jabu ba. Ko akwai abin da ban hango ba?

Malam_Kundi:
Wa alaikumus salam. Malam Garba, tun ba a kai ga tsatsa ba, sunan da ke jikin allon ya riga ya ƙaryata shekarar. An kafa ƙungiyar a garin Graham a 1877 da sunan Stock-Raisers' Association of North-West Texas. A 1893 ta koma Cattle Raisers Association of Texas. Sai a 1921, da ta haɗe da ƙungiyar makiyayan yankin Panhandle na arewacin Teksas, ta ɗauki sunan da ka karanta. Duk allon da ke ɗauke da wannan suna bai girmi 1921 ba. Kuma har gobe ƙungiyar tana nan a Fort Worth, mambobinta na kafa shuɗin allon, saboda haka akwai na shekaru daban-daban a kasuwa. Yana iya zama na gaske, amma ba na 1890 ba.

Dan_Gwangwan:
Harsashi kuma ai ba ya tambayar shekara. Wanda ya iya ƙera jabu ba zai gagara ɗirka masa bindiga sau uku a bayan gida ba.

Inna_Mai_Langa:
Don Allah a fara yi wa sababbin shiga bayanin mene ne rufin tangaran ɗin, don wasu na ɗauka fenti ne. Ba fenti ba ne, gilashi ne. Shi ne dai rufin da ke jikin langa da kwalla da fanteka na jeren iyayenmu. Ana niƙa gilashi ya zama gari, a dama shi da ruwa da ɗan yumɓu, a shafa a farantin ƙarfe, a busar, a sa a tanderu mai zafin kusan digiri 800 na 'yan mintoci, ya narke ya kama ƙarfen. Shafin farko baƙi-baƙi ne ko shuɗi mai duhu, don akwai sinadarin kobalt a ciki, shi ke sa gilashin ya riƙe ƙarfe. A kansa ake ɗora fari, sannan sauran launuka, kowane launi da shigarsa wuta. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar langa da ta faɗi ta ɓantare, baƙin ciki ya bayyana a ƙarƙashin farin, ya riga ya san yadda ɓantarewar allo take.

Makeri_Sale:
Inna ta kawo mu kan hanya. Tunda kowane launi da gashinsa, a tsohon allo launukan na hawa kan juna kamar matakala. Rufe ido ka bi rubutun da ɗan yatsa, za ka ji tudu ko gangare a bakin kowane harafi. Dalili shi ne a farkon sana'ar ana shafe allon duka da launi, a bari ya bushe, a ɗora farantin da aka yanke siffar haruffa a jikinsa, a goge abin da ba a so da buroshi, sannan a gasa. Daga wajajen shekarun 1930 aka yawaita buga launi ta cikin raga, irin yadda masu buga rubutu a riguna ke yi, sai tudun ya ragu sosai.

Ga abin da za ka nema a wurin mai talla kafin a yi maganar kuɗi. Hoton bayan allon gaba ɗaya cikin hasken rana. Hoton kowane ramin ƙusa daga kusa. Hoton gefe da ma'aunin kauri a jiki. Nauyinsa a sikeli. Hoton kusurwar ƙasa, inda masu ƙira kan sa sunansu da ƙananan haruffa. Yawancin tsofaffin allunan Amurka ƙarfensu geji 18 ne, wato kusan milimita 1.2, manyan kuma geji 16, kusan milimita 1.5. Allo mai inci 12 a 18 na geji 18 zai yi kilo 1.3 zuwa 1.5. In ya zo ƙasa da rabin kilo, alminiyam ne ko siririn kwano, a wuce wurin.

Garba_Gwanjo:
Na gode. To maganaɗisu fa? An ce in ya kama, allon na gaske ne.

Makeri_Sale:
A'a. Maganaɗisu alminiyam kawai yake fitarwa daga layi. Jabun da ake gasawa yanzu ƙarfe ne mai kauri da gilashi na gaske, maganaɗisu zai kama shi tsam. Gwaji ne na kora, ba na tabbatarwa ba.

Sarkin_Tsatsa:
Bari in tsaya kan tsatsar, tunda ita ce asalin tambayar. Tsatsa shaida ce, amma sai an iya karanta ta.

Ta shekaru masu yawa launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, har ta kusa baƙi, tana da tauri, kuma tana rarrafawa ƙarƙashin gilashin da ke gefen ɓantarewar ta ɗan ɗaga shi. Ta jiya-jiya, wadda aka jawo da ruwan gishiri ko asid, ja ce bau kamar garin bulo, in ka goga farin ƙyalle sai ta biyo shi. Sannan a duba inda ta zauna. Allon da ya yi shekara hamsin a jikin ƙyaure, ɓarnarsa na taruwa a ramukan ƙusa, inda aka ɗaure har gilashin ya fashe, da gefen ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Daga kowane rami za ka ga zanen tsatsa ya gangaro ƙasa, duk suna fuskantar gefe ɗaya, don ruwa ba ya hawa sama. In ka ga ɓantarewa a warwatse daidai wa daida kamar an yayyafa, amma babu ko ɗaya da ta taɓa suna ko hoton sa, to guduma ce ta yi aikin, kuma mai gudumar ya san abin da ke kawo kuɗi.

Hudar harsashi ma haka. A fuskar da ya shiga ƙarfen na lotsawa ciki, gilashi ya tarwatse ya bar zobe kewaye da ramin, a baya kuma leɓen ƙarfen ya turo waje. Tambayar ita ce, tsatsar cikin wannan zoben da ta ramukan ƙusa sa'annin juna ne? Ba dole su zo ɗaya ba, don ana iya harbin allo bayan ya yi shekara talatin a kafe. Amma in ramin ƙusa fes yake, babu alamar an taɓa ɗaure shi a jikin komai, ga kuma harbi uku, sai a tambayi mai talla a ina allon yake rataye lokacin da aka harbe shi.

Dan_Gwangwan:
Wannan tambaya ta ƙarshe ita kaɗai ta isa ta kashe ciniki da yawa.

Hajiya_Rabi_Adana:
Ina da gyara kaɗan ga Sarkin_Tsatsa. Rami mai tsabta ba kullum yake nuna jabu ba. Akwai allunan da aka ƙera aka ajiye a sito ba a taɓa kafa su ba, wasu ma da takardar da aka naɗe su tun daga masana'anta. Su ne mafi tsada. Abin da ba ya haɗuwa shi ne tsabtar rami da ragargajewar fuska a allo ɗaya. In sabo ne fil, ya zama sabo ko'ina.

Sarkin_Tsatsa:
Gaskiyarki Hajiya, abin da nake nufi ke nan, kin fi ni tsara shi.

Malam_Kundi:
Akwai wani abu na tarihi da masu talla ke wasa da hankalin mutane a kai. Suna so mai saye ya ɗauka allon ya ga zamanin da ake koro dubban shanu daga Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, abin da aka fara a 1867. A lokacin daji a buɗe yake, babu shinge, babu ƙyauren da za a kafa allo. Shaidar mallaka a jikin saniya take, lalas da yankan kunne. Sai da Joseph Glidden ya sami rajistar wayarsa mai ƙaya a 1874, aka yi ta kewaye filaye, sannan mugun sanyin 1886 zuwa 1887 ya karkashe garkunan arewa, kiwon sake ya mutu. Masana'antun allon tangaran kuwa a Amurka sai daga shekarun 1890 suka fara tsayawa da ƙafarsu, bayan Ingila da Jamus sun riga su. Ingram-Richardson na garin Beaver Falls a Pennsylvania, masu sa tambarin Ing-Rich, a 1901 suka fara. Saboda haka yawancin allunan kiwo na gaske 'yan tsakanin 1920 da 1960 ne.

Shi ya sa allon tangaran mai ɗauke da XIT, sunan wani babban gandun shanu na Teksas, ke buƙatar bincike ninki biyu. Gandun ya fara a 1885 da fili eka miliyan 3, ya sayar da ragowar shanunsa a 1912. Amma garin Dalhart na yin bikin tunawa da shi duk shekara, kayan tsaraba masu sunan sun cika ko'ina. Akwai kuma allunan da ba kwaikwayon komai ba ne, an ƙirƙiro su ne kawai, ba su taɓa wanzuwa a da ba. Waɗannan sun fi wahalar kamawa tunda babu na asali da za a jera su da shi.

Likitan_Garke:
Kada a taƙaita kan allunan hana shiga. Fannin yana da faɗi. Akwai na ƙungiyoyin jinsin shanu, waɗanda mai gandu ke sa sunansa a ƙasa, hoton bijimi a sama, kuma su ma shekarun ƙungiyoyin na taimakawa. Ta Hereford 1881. Ta Angus 1883, da sunan American Aberdeen-Angus Breeders' Association, sai a shekarun 1950 aka taƙaita shi zuwa American Angus Association, don haka gajeren sunan na nufin allon bai girmi lokacin ba. Ta Brahman, shanun nan masu tozo da laɓɓa da aka samo daga jinsin Indiya, 1924 a Houston. Santa Gertrudis na gandun King kuwa sai 1940 gwamnatin Amurka ta amince da su a matsayin jinsi.

Sai na magunguna da abincin dabbobi. Na Franklin, masu rigakafin harbin daji. Na Purina mai zanen dara ja da fari. Na Cooper, kamfanin garin Berkhamsted a Ingila mai maganin wankan tumaki da na kaskar shanu, wanda allunansa suka bazu har Ostireliya da Ajantina da kudancin Afirka. Sai dai a kula, da yawan allunan abinci da magani kwano ne mai fenti, ba tangaran ba. Ba aibi ba ne, suna da masu nemansu, amma farashi da hanyar wanki sun bambanta. Ƙwanƙwasa da farce, tangaran na da sanyi da santsin gilashi, in ya ji rauni ɓantarewa yake yi, fenti kuwa karcewa yake ko ya saɓule.

Bala_Mai_Buga_Rubutu:
Ku ƙara da karatun ƙananan rubutu, nan ne masu jabu suka fi tuntuɓe. Lambar gidan waya mai alƙaluma biyar a 1963 aka fara ta a Amurka, lambar shiyya mai alƙalami ɗaya ko biyu bayan sunan birni kuwa 1943. Lambar yanki ta tarho mai alƙaluma uku 1947. Alamar R cikin da'ira ta biyo dokar alamun kasuwanci ta 1946 ne. In ka ga an rubuta Pat. & Tm. Off., daga 1975 ne zuwa sama, don a shekarar aka ƙara wa ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka suna. Siffar haruffa ma na tona asiri: Helvetica 1957, Arial 1982. Allon da aka ce na 1930 ne amma rubutunsa irin na kwamfuta, kowane harafi tagwayen ɗan'uwansa, an gama magana.

Sannan a sa madubin ƙara girma mai ninki 10 a kan hoton san. In ɗige-ɗige ne a jere kamar hoton jarida, sabon bugu ne.

Inna_Mai_Langa:
Malam Bala, wannan ta ƙarshen a sassauta ta. Tsofaffin masana'antu ma sun yi amfani da hoton da ake bugawa a takarda a manna a jikin allon a gasa, musamman wurin fuskar dabba da ke buƙatar inuwa, kuma yana iya nuna ɗigo. Bambancin, na da ɗigonsa kan zama tsakuwa-tsakuwa, ya nutse cikin gilashin. Wanda ake tsoro shi ne ɗigon launuka huɗu da ya rufe allon duka har da haruffa, ga fuska sumul babu tudu ko kaɗan.

Bala_Mai_Buga_Rubutu:
Na karɓa, Inna.

Sabon_Shiga_21:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. In mutum ya samu na gaske ya yi dauɗa, da me ake wanke shi? Na ga ana cewa ruwan batir na cire tsatsa nan take.

Hajiya_Rabi_Adana:
Subhanallah, kada ka kusance shi da ruwan batir. Ka kuma guji maganin wanke ƙafafun mota da wasu magungunan cire tsatsa, akwai masu asid ɗin da ke cin gilashi kansa, ƙyallin ya tafi ba ya dawowa. Ja da rawaya da ruwan lemo su suka fi saurin dusashewa.

Fara da ruwan ɗumi lita 4 da cokali ɗaya na sabulun wanke kwanuka, da soso mai laushi. Zuba ruwa tukuna ya kwashe yashi, in ba haka ba kai da kanka za ka karce shi. Zanen tsatsar da ya kwanta a kan gilashi, garin wanki mai asid ɗin okzalik na ɗauke shi: dama shi ya yi kauri, shafa a wuri kaɗan, kada ya wuce minti ɗaya, ɗauraye sosai. Gwada a kusurwa kafin tsakiya. Wanda ya ƙi fita, soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000, a jiƙe, ba dannawa. Busar da shi sarai, har da na'urar busar da gashi a ramuka da gefuna, don ruwan da ya maƙale ƙarƙashin gilashi shi ke tayar da sabuwar tsatsa. Daga nan shafa kakin goge mota siriri, har kan wuraren da ƙarfe ya bayyana, ka goge. In kwano mai fenti ne, tsaya a ruwa da sabulu kawai.

Abu biyu da ba a yi. Ba a miƙe allon da ya lanƙwashe da guduma ko a taka shi, ƙarfe na lanƙwasa amma gilashi ba ya yi, zai yi ta tsalle yana barin jiki. Ba a kuma kai shi injin gurza. Tsofaffin launuka na ɗauke da dalma da kadmiyam, ƙurarsu guba ce.

Oga_Fanel_Bita:
Ni ban ga laifin gyara ba. Allon da rabin sunansa ya tafi, a cike gurbin da fila, a daidaita launi, a feshe da ruwan ƙyalli, ya dawo abin kallo. Ya fi a bar tsatsa ta cinye shi.

Hajiya_Rabi_Adana:
Oga, tsayar da tsatsa daban, rufe allo da ruwan ƙyalli daban. Da zarar an feshe fuskar duka, mai saye ba zai iya sanin nawa ne gilashi nawa ne fila ba, sai ya saya da farashin mafi muni. Bayan shekaru kuma ruwan kan yi rawaya. In dole sai an cike, a cike gurbin kaɗai, a ɗauki hoto kafin da bayan, a faɗa wa mai saye. 'Yan gwanjo na auna lafiyar allo daga 1 zuwa 10, kuma ɗan 8 da ba a taɓa ba ya fi wanda aka gyara ya yi kamar 10 daraja a wurin yawancin masu tarawa.

Oga_Fanel_Bita:
A wurin masu tarawa, na yarda. Mai son ya kafa a shagonsa ya ji daɗi kuma lissafinsa daban.

Makeri_Sale:
Gano gyara ba wuya. Tocilan ɗin nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi, a haska a ɗaki mai duhu, sau da yawa wurin da aka cike zai fito da wani haske dabam da na gilashin. Ko a ɗiga asiton a auduga a taɓa wurin da ake zargi, da izinin mai kaya. Gilashi ba ya jin asiton, fenti kuwa zai biyo audugar. Bayan hannu ma na ji, fila ta fi gilashi ɗumi.

Wajen kafawa, sa washar roba gaba da baya a kowane rami, ɗaure sukuru har ya zauna kawai, kada a ƙara ko rabin juyi. In ramukan na da zoben tagulla na asali a bar su. Kada a huda sabon rami. Wajen aikowa daga nesa, a naɗe shi a sa tsakanin falankin filawud biyu da suka fi shi faɗi da inci 2 ta kowane gefe, a ɗaure falankan da juna. Kwali kaɗai ba ya hana kusurwa lanƙwasa.

Likitan_Garke:
Wani abu da ba a taɓo ba. Allunan nan da yawa suna ɗauke da sunan iyali da gandun da har yanzu ake kiwo a cikinsa, kuma ana ɓalle su daga ƙyaure a sayar. Abin dariya ne a ce allon ƙungiyar da aka kafa don yaƙi da ɓarayin shanu shi kansa kayan sata ne. A tambayi daga ina ya fito: gwanjon kayan gado, ko gandun da aka sayar, ko hannun iyalin. Sunan da ke jiki ma hanyar bincike ce, don a Teksas ana rajistar lalas a ofishin magatakardan kowace gunduma, ana iya bin sawun mai sunan da shekarun da ya yi kiwo.

Garba_Gwanjo:
Mai tallar ya turo hoton baya da na ramuka, na ɗora su a sama. Ya kuma janye maganar 1890, yanzu cewa yake “tsoho ne dai”.

Sarkin_Tsatsa:
Bayan ya yi mini. Baƙi-baƙi ne mai dabbare-dabbare, ga tabon ƙusoshin da ya zauna a kai cikin tanderu. Ramukan sama biyu tsatsarsu ta yi duhu, ta gangaro yadda ya kamata. Amma dubi huda ta uku, ta hannun dama, jan cikinta bai yi shekara ba.

Dan_Gwangwan:
Wato an samu tsohon allo an ƙara masa harbi don ya ƙara kuɗi. An rage masa ke nan.

Makeri_Sale:
Ko kuma an goge wurin da soso ne ruwa ya sake taɓa shi, hakan ma na kawo jan tsatsa cikin kwana biyu. Malam Garba, a ce ya turo hoton leɓen ramin ta baya, da haske daga gefe, sannan har yanzu bai faɗi nauyin ba.